Tsagar Gwaggo

Shafi na 17

Sallama gare ku masu karatu. Waɗanda suka ce na bar su tsaye a ƙofar shagon Gwaggo, ku yi haƙuri, yau mun shiga ciki.

*

Audugar ta jiƙe. Gwaggo ta jefa ta a kwandon shara, ta yago wata.

Maman Biyu tana kwance rub da ciki a kan gadon tausa, fuskarta cikin ramin da aka huda a kan gadon. Ba ta ganin komai sai tayil da silifas ɗin Gwaggo yana kai da komo. Fankar sama tana juyi da ƙyar. Ɗakin ya cika da ƙanshin man zaitun, ga kuma wani ƙarni da ya fara tasowa a ƙarƙashinsa.

Gwaggo ƙanwar mahaifinta ce. Ita ta raine ta bayan rasuwar uwarta, kuma da wannan shagon na tausa da ƙahon mata ta yi mata komai har ta kai ta ɗakin miji. Ba ta kiran ta da wani suna sai Uwata, don sunan tsohuwarsu aka maida mata.

Ta ɗaga kofin ƙahon da ta cire, ta haska shi a hasken taga, tana jinjina kai. Ta ce tunda take wannan sana'a ba ta taɓa fitar da mataccen jini irin wannan ba. Ta ce ga ciwon nan kwance a gadon baya, mutanen asibiti suna can suna ɗura mata ƙwayoyi kamar kazar gidan gona. Daga nan ta koma kan mijin, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran janareta. Ta ce mutum kullum yana murza hannu kamar ƙuda, ko gaisuwa za ka yi da shi sai ya feshe tafinsa da ruwan kwalba, in aka bar shi har inuwarsa zai wanke.

Maman Biyu ta yi ɗan murmushi a cikin ramin gadon. Ba wanda ya gani.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne sunan ciwon. Kansar jini ce. Ranar da likita ta faɗa musu, tun a cikin mota Injiniya ya sa matarsa ta yi alkawarin ba wanda zai ji. Mahaifinta yana fama da ciwon zuciya, labari irin wannan zai iya kada shi. Cikin Gwaggo kuwa rariya ne, abin da ya shiga da safe kafin azahar ya zagaye dangi. Shi ya sa aka ce wa kowa ƙarancin jini ne kawai.

Makon jiya tausa ta zo yi, ba ƙaho ba. Hannun Gwaggo kuwa ba ya wasa, in ta danna sai mutum ya ji har ƙashi. Yau da ta dawo ta tuɓe riga, Gwaggo ta tsaya cak tana kallon bayanta. Shatin yatsu ne baƙi ƙirin tun daga kafaɗa har ƙugu. Da farko ta tambaya ko Injiniya ne ya fara ɗaga hannu, ta ce a faɗa mata yanzu ta je ta same shi a gaban janaretocinsa. Da ta ɗora yatsunta a kan shatin ta ga sun zauna daidai, sai ta gane nata ne.

A aikin Gwaggo wannan ba abin tsoro ba ne, alama ce. Inda fata ta yi baƙi bayan tausa, nan mataccen jini ya taso yana neman hanya, nan ake kafa ƙaho. Haka ta koya, haka take yi wa kowa.

Maman Biyu ta ce a bari sai wani zuwan. Ta ce tana sauri. Ta ce tana tsoron reza. Gwaggo ta yi dariya, ta ce yarinyar da ta haifi biyu rana ɗaya ce za ta ji tsoron ɗan ƙarcen da bai kai na ƙaya ba? Dalili ɗaya ne ya rage wanda zai tsayar da Gwaggo, shi kuwa an yi alkawari a kansa. Kuma can ƙasan ranta akwai wata 'yar murya da ke cewa, in kuma Gwaggo ce da gaskiya fa?

Sai ta kwanta.

Audugar ta sake jiƙewa.

Gwaggo ta daina ba'a. Tsagar ƙaho ba ta da zurfi, kafin mace ta gama ɗaura zani ta bushe. Waɗannan kuwa in ta goge sai su sake tsatsowa, a hankali, ba gudu ba tsayawa, kamar bangon da ruwa ya ci. Ta danna da tawul. Ta leƙa shagon kusa ta karɓo ƙanƙara a leda ta ɗora. Da ta ɗaga, tawul ɗin ya rine.

"Uwata."

"Na'am, Gwaggo."

"Me likitan nan ta ce yana damun ki?"

"Ƙarancin jini."

"Na yi wa masu ƙarancin jini ƙaho sun fi gashin kaina. Ba haka yake yi ba."

Maman Biyu tana jin wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta gefen haƙarƙarinta yana shiga ledar gadon.

Wayarta ta hau ruri a cikin jaka. Tun ɗazu take yi, ba wanda ya kula. Gwaggo ta miƙa hannu ɗaya ta zaro, ɗayan yana kan tawul. Injiniya ne. Ya koma gida don ya ba ta maganin rana, ya tarar da ɗaki wayam, ya zagaya maƙwabta, yanzu yana kan hanya yana dube-dube. Gwaggo ba ta gaishe shi ba. Ta ce ya zo shago, kada ya tsaya ko'ina.

Bai daɗe ba. Namiji ba ya wuce labulen ɗakin ciki, amma yau ya yaye shi ba sallama. Yana sanye da rigar aiki mai tabon baƙin mai, da takunkumi a hanci, wanda ba ya kusantar matarsa sai da shi. Idonsa ya sauka a kwandon shara, ya koma kan kofunan da ke jere a faranti, sannan ya tsaya a bayanta.

"Gwaggo, me kika yi mata?"

"Abin da nake yi wa mutane tun kafin ka iya ɗaura wando. Kai ne za ka faɗa min abin da kuka yi mata, da jininta ya koma ruwa."

Ko a lokacin sai da ya waiga ƙofa, kamar mai gudun kada wani ya ji.

Maman Biyu ce ta ɗago. Ta dogara da gwiwar hannu, ta kai ɗayan hannun kanta. Duk zuwan da take yi ba ta taɓa yarda ta cire ɗankwali ba, cewa take sanyin fanka yana sa mata mura. Ta janye shi tare da hular da ke ƙasa, ta sake su a ƙasa.

Babu gashi ko ɗaya. Gashin da Gwaggo ta sha zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana kitsewa tana mitar yawansa.

"Kansar jini ce, Gwaggo," in ji ta.

Gwaggo ba ta yi salati da ƙarfi ba, leɓunanta kawai suka motsa. Hannunta bai bar kan tawul ba. Ta tambaya tun yaushe. Injiniya ya ce tun lokacin da 'yan biyu suka shiga makaranta.

Sai bakinsa ya buɗe, maganar ta yi ta zuba. Ya ce akwai wasu ƙwayoyi a cikin jini da ke toshe rauni, ciwon da maganin sun cinye mata su, gwajin wannan makon ya nuna saura kaɗan. Ya ce ko burushi mai tauri an hana ta. Ya ce garkuwar jikinta ma ta faɗi, ɗan yanka kaɗan zai iya zama ƙofar zazzaɓin da ba a tashi. Ya ce likita da bakinta ta ambaci ƙaho, ta ambaci tausa mai ƙarfi, ta ce ko da wasa.

Gwaggo ta saurare shi har ya gama.

"Duk ka san wannan," ta ce, "ka bar ni da reza a hannu."

"Ban san tana zuwa nan ba."

"Ka san ni ce uwarta. Ka san sana'ata. Ɗiyata za ta yi ciwon jiki ta je ina, wurin mai faci? Kun mai da ni mahaukaciya, ina aika mata da ganye ina cewa ta ci ya ƙara mata jini. Da hannuna, ɗan nan. Da hannun da na yi mata wanka."

Ya juya kan matarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ciwo. Ya ce ita ai tana zaune a wurin sa'ad da likita ta yi bayani. Ya ce ya bar aiki ya fi a ƙirga saboda ita, ya raba mata kofi da cokali, yana goge hannun ƙofa safe da yamma, ya hana yara hawa jikinta, ya koma kwana a falo don kada ko tari ya yi kusa da ita. Duk wannan bai isa ba, sai ta saci jiki ta kawo kanta inda za a yanka ta?

Ta mayar da kumatunta kan gadon. Ta gaji da ɗaga kai.

"Baban Biyu, shatin nan da ke bayana kwanansa nawa?"

Ya dubi bayanta.

"Tun makon jiya yake. Ba ka gani ba. Ta ina za ka gani?"

Ta yi maganar ba kuka, ba ɗaga murya. Ta ce likita cewa ta yi kada a danna ta da ƙarfi, kada a yanke ta, a wanke hannu kafin a taɓa ta. Har cewa ta yi shafa a hankali da tafin hannu yana rage ciwo, yana sa barci. Shi wannan bai shiga kunnensa ba, na tsoron kawai ya ɗauka. Ta ce ƙaramar cikin 'yan biyu ta faɗi a tsakar gida ta taso da gudu za ta faɗa jikinta, ya daka mata tsawa, yarinyar ta tsaya a tsakiyar ɗaki da hannuwa a buɗe ba ta san inda za ta kai su ba. Tun ranar, in sun dawo makaranta daga bakin ƙofa suke ɗaga mata hannu kamar baƙuwa.

"Ƙasusuwana suna ciwo kamar ana sara. Ina kiran ka, kana zuwa ka tsaya a ƙofa ka tambaye ni ko in sha magani. Duk wanda ya taɓa ni a watannin nan, da safar roba ya taɓa ni, kuma allura zai soka. Na zo nan ne don Gwaggo ba ta sani ba. Wanda bai sani ba ne kawai ba ya tsorona."

Fankar ta yi ƙara ta ci gaba da juyi.

Injiniya ya ce don ta rayu ya yi. Sau biyu ya faɗa, na biyun da ƙyar ya fito.

Ta ce ta sani.

Gwaggo ta ɗaga tawul ta duba, ta mayar da sauri. Ta ce surutu ya isa, a tashi. Ta naɗe mata baya da babban zani ta ɗaure tam, ta ɗauko ɗankwalin daga ƙasa ta kakkaɓe ta ɗaura mata da kanta, ba ta yarda idonsu ya haɗu ba. Da Maman Biyu ta sauko da ƙafa, ɗakin ya juya mata, ta kasa tsayawa.

Injiniya ya shiga laluben aljihu. Safar hannu yake nema.

"Ɗauke ta," in ji Gwaggo.

Ya dubi hannuwansa masu baƙin mai. Ya fesa ruwan kwalbarsa, ya murza, sannan ya sunkuya ya ɗauke ta. Ya yi shirin nauyin da ya sani, sai ya ji ta taso kamar dammin kara, har ya yi baya kaɗan. Takunkuminsa ne ya jiƙe daga sama.

Matan da ke jiran layi a ɗakin waje suka miƙe suna tambayar lafiya. Gwaggo ta ce su je gida, yau babu aiki. Ko ƙofa ba ta kulle ba.

A mota Gwaggo ta zauna a baya, ta kwantar da ita a cinya, tafukanta biyu a kan zanin tana dannawa. Hanyar ta cushe, lokacin tashin makarantu ne. Injiniya yana ta matsa oda, yana kutsawa inda mota ba ta isa shiga ba, masu babur suna zagin sa yana wucewa.

Maman Biyu ta ce a kira maƙwabciya ta ɗauko yara, kada su fito su ga ba kowa. Ta ce a faɗa mata babbar ba ta cin abinci in da yaji. Ta ce hasken rana ya yi mata yawa, a rufe mata ido. Gwaggo ta ja gefen mayafinta ta rufa mata.

Can ta ce kanta yana sarawa.

Gwaggo ta ce rana ce, Uwata, yanzu za mu isa. Da ta sunkuya ta dube ta, sai ta ga jini siriri a tsakanin haƙoranta. Ta goge da bakin mayafi, ba ta faɗa wa na gaba ba.

A ƙofar ɗakin gaggawa ma'aikata suka turo gado. Injiniya yana gudu a gefe yana faɗin sunan ciwon da ƙarfi ga duk wanda ya tambaya, sunan da ya yi watanni yana ɓoyewa. Aka kira likitarta daga sama. Mace ce gajera mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta sa aka kwance zanin, ta dubi tsagar, ta dubi shatin yatsun, ta dubi tsohuwar da ke tsaye hannu duk jini. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa nas ta danna nan da nan, a ɗebi jini a kai gwaji, a kira ɗakin ajiyar jini a ce tana son ƙwayoyin tsayar da jini yanzu.

Sannan ta tambayi Gwaggo da me aka yi tsagar. Gwaggo ta ce sabuwar reza, a gabanta ta ɓare. Likita ta ce to. Ta tambaya ko an shafa wani abu a kan raunin. Gwaggo ta ce ƙanƙara kawai. Likita ta sake cewa to, har ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Baba, kin ba ta wani abu ta sha?"

Gwaggo ta ce ba wani abu ba ne, ɗan farin magani ne kawai. Duk wadda ta yi wa tausa tana ba ta, saboda tsamin jiki da ke biyo baya. A babban gwangwani take saye, ta ƙulla wa kowa nata a leda.

"Mene ne sunansa a jikin gwangwanin?"

"Asfirin."

Nas ɗin da ke danna bayan ta ɗago kai.

Injiniya ya jingina da bango. Wannan sunan yana cikin na farko da aka hana, shi ya san haka, har ya kwashe na gidan ya zubar tun ranar farko. Maganin yana ƙara hana jini tsayawa.

Likita ta tambaya yau ne kawai ta sha?

Gwaggo ta ce tun makon jiya ta ƙulla mata da yawa, ganin yadda take kukan ƙashi. Ta ce ta riƙa sha safe da yamma.

Likita ta zagaya ta kan gadon, ta durƙusa daidai fuskar Maman Biyu, ta tambaye ta a hankali ko ta sha. Maman Biyu ta ce ba suna a ledar, ta ɗauka irin wanda ake ba yara ne. Ta ce shi kaɗai ne yake barin ta ta runtsa. Maganar tana fita a daƙile, kamar mai magana da abu a baki.

"Ta ce kanta yana sarawa a mota," in ji Gwaggo. "Na ce mata rana ce."

Likita ta zaro 'yar fitila daga aljihu, ta haska ido ɗaya, ta haska ɗayan, ta sake komawa na farkon ta daɗe. Ta sa aka juyo da ita a hankali. Ta saka yatsunta biyu a tafin hannun dama, biyu a na hagu.

"Maman Biyu, kina ji na? Matse hannuna. Duka biyun, da ƙarfinki."

Hannun dama ya matse.

Likita ta jira. Gwaggo ta matso, Injiniya ya taso daga jikin bango.

"Na hagun fa? Matse."

"Ai na matse," in ji Maman Biyu.

Yatsun suna nan a buɗe.